Jikan da Inna Ta Daina Ɗauka

Mahaifiyata mai wankan jarirai ce a unguwarmu a Argungu. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, kuma ba ta son a haɗa ta da masu karɓa. Nata aikin yana farawa ne bayan an yanke cibi. Duk gidan da aka haihu, kafin labari ya gama zaga unguwa an aiko kiran Inna, ta ɗauki ƙaramin bahonta da sabulun salo ta tafi. Safe da yamma za ta riƙa zuwa har cibi ya faɗi, wani lokaci har a yi arba'in idan mai jegon ba ta da tsohuwa a kusa. Mata suna cewa hannunta yana da albarka, wai jaririn da ta wanka ba ya yawan kuka. Ni dai na sha jiyo kukansu ta katanga, amma ban taɓa musa wa kowa ba.

Da cikina na fari ya tsufa, maigidana ya kawo ni gida daga Birnin Kebbi inda yake aikin gwamnati. Na haifi namiji. A gidanmu har yau ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta rungume shi tana juyi kamar ita kaɗai ta taɓa haihuwa. Ki ba shi nono, ki ajiye, ki kau da kai. Ba wai an bar yaron a banza ba ne. Kaka ce ke da shi, da gwaggwanni da sauran tsofaffin gida. Su ke ɗauka, su ke lallashi, su ke yi masa kirari. Uwa tana so a ciki, su suna so a fili, haka aka raba aikin tun kafin a haife ni.

Inna ta karɓi nata rabon hannu bibbiyu. Duk tsawon wankan jegona ban riƙe yaron ba sai in zan shayar da shi. Ita ke miƙe ƙafafu a tsakar gida ta kwantar da shi a kansu, ta gasa masa cibi, ta ja masa hanci, ta mimmiƙe masa hannuwa, tana yi masa tsiya irin ta kaka da jika. Maigida take kiransa.

"Maigida, kai dai ba ka kawo cehwane, kullum sai ci da kwana," in ji ta. Sai ta waiwayo ta harare ni. "Ke kuma, in kin yaye shi nawa na. Ki sake haihuwa ki samu naki."

Sai in sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba, alhali daɗi ya cika ni har wuya.

Mun koma Birnin Kebbi yaro sumul, kowa ya gan shi sai ya ce a gaishe da mai wanka. Yana wajen wata uku kumatunsa suka fara kaushi, kamar an shafa masa kunu ya bushe. Na ce zafi ne, na ƙara hoda. Wurin ya yi ja, ya tsattsage, ya fara fitar da ruwa. Daga kumatu abin ya gangara wuya, ya shiga bayan kunne, ya sauka lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Lokacin bai iya susa da yatsu ba tukuna, sai ya riƙa goga fuskarsa a duk abin da ya samu, kafaɗata, katifa, gefen tabarma. Yana gogawa yana kuka, in na hana shi kukan ya fi na da.

Ban san unguwarmu cike take da masana ciwon fata ba sai da yaron nan ya kamu. Wannan ta ce ƙazwa ce, waccan ta ce kirci ne, wata ta ce nonona ne ya yi zafi. Wata tsohuwa ta rantse kifin da na ci da ciki ne, kamar akwai 'yar Argungun da ta taɓa goyon ciki ba ta ci kifi ba. Kowace da maganinta, kuma kowace daga nesa take kwatanta mini yadda ake shafawa.

Muka kai shi asibiti. Likitar mace ce, ta duba shi da hannunta ba ko safar hannu, abin da ya fara kwantar mini da hankali ke nan. Ta faɗi sunan cutar da Turanci, sannan ta yi mini bayani. Ta ce fatarsa ce ba ta riƙe danshi, sai ta bushe, ta tsage, ta yi ƙaiƙayi. Ba ƙazwa ba ce, ba a ɗaukarta, kuma nonona ba shi da laifi. Ta ce babu maganin da zai kore ta rana ɗaya, lallaɓa ta ake yi, yawancin yara tana yi musu sauƙi in sun tasa. Ta hana ruwan zafi, ta hana sabulu mai ƙarfi da soso da hoda. Ta ce in nisanta shi da turare da hayaƙi, in sa masa kayan auduga masu laushi, in yanke masa farce. Ta ba ni wani man magani na wuraren da suka yi tsanani, ta ce sauran jiki kuma kada in taɓa bari ya bushe.

Daga ranar rayuwata ta koma shafa mai. In yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, kafin jikin ya tsane in bi shi da mai tun daga goshi har tafin ƙafa. Kafin hantsi fatar ta shanye, in sake. Duk rigunana suka yi tabon mai a kafaɗa. Kaskon turarena na kife shi a ƙarƙashin gado, kwalaben humra da aka yi mini na aure na rarraba wa ƙawaye, ɗakin amarya ya koma warin man kaɗe. Da ya iya susa sai na fara sa masa safa a hannu, shi kuma ya koyi cire ta da baki. Da safe abin da nake fara dubawa zanin gado ne, in ga ko akwai jini. Yawanci akwai.

Goyo ma ya gagare ni. Zafin Birnin Kebbi a bazara wanda ya sani ya sani, in aka ɗauke wuta kuma sai addu'a. Ina ɗaura shi a baya gumi zai haɗa mu, sai ya fara murza fuska a gadon bayana har in ji danshi, ban san ko gumi ne ko jini ba sai na sauke. Haka nake girki da hannu ɗaya, shara da hannu ɗaya. Barci kuwa na manta kamanninsa. Maigidana yana ƙoƙari in ya dawo daga aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma wuni na mace ne. Akwai ranakun da na ji haushin yaron nan kamar da gangan yake yi, sai in dube shi in ga yadda yake kallona da jajayen kumatu, in fashe da kuka mu yi tare.

Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne yadda mutane suka daina miƙo hannu. Jariri a garinmu ba ya zama a hannun uwarsa in akwai mutane. A mota, a gidan biki, a layin awo, wata za ta ce kawo shi ki huta. Nawa kuwa sai a leƙo, a ce "Wayyo, sannu," a gyara zama.

Mutum ɗaya ce ba ta gyara zama ba. Gidan haya muke, muna raba tsakar gida da wasu Kiristoci 'yan Filato. Mijin malamin makaranta ne, matar tana ɗinki, Maman 'yan biyu muke kiranta. Wata rana ta same ni a bakin famfo ina fama da bokiti da yaro, sai kawai ta cire shi daga hannuna ta ɗora a kafaɗarta, kumatun nan mai ruwa a jikin wuyanta.

"Je ki yi wanka, Amarya, ki ci abinci. Kin zama kamar tsintsiya," ta ce.

Na ce, "Ba ki tsoro?"

"Tsoron me? Wannan ɗan mutumin?"

Ita ce ke yi mini dariya in ta ji ina ce masa "yaron nan". Ta ce ni na haife shi, ni ke shafe shi da mai tun safe har dare, amma sunansa ne ya fi ƙarfin bakina. Na ce mata ba za ta gane ba. Gaskiya a ɗakina kunyar ta daɗe da mutuwa, wanda yake kuka a hannunki ba ya barin ki kau da kai. Suna kaɗai na riƙe. Sauran kunyar na adana ta don Argungu, domin a raina na gama tsara komai: ranar da na isa gida Inna za ta karɓe shi, ta yi masa tsiyarta, ni kuma in shiga ɗaki in yi barcin da na yi wata da watanni ina bi bashi. Na gaya mata ciwon a waya, na karanta mata duk dokokin likita, ta ce Allah ya sawwaƙe, in kawo shi ta gani.

Dalilin zuwa ya samu da matar yayana ta haihu. Ranar suna muka shiga motar Argungu da safe. Motar a cike, ga zafi, kafin mu isa fuskar yaron ta tashi fiye da kullum. Muka tarar da tsakar gida maƙil da mata, tukwanen shinkafa a kan wuta, ƙamshin kifi ko'ina. Na gaida manya, na shimfiɗa ɗan zanensa a kan tabarmar da gwaggwannina suke zaune, na kwantar da shi. Sannan na ja gefe na zauna na kau da kai, yadda aka koya mini.

A ka'ida, kafin bayansa ya taɓa tabarma hannuwa sun yi masa caa, ana rigimar wa za ta fara ɗauka. Ranar sai hira ta tsaya. Babbar gwaggona ta leƙa ta ce, "Subhanallahi, ashe haka abin yat tsananta?" Wata ta jawo jikarta da ke rarrafe ta ɗora a cinya. Yaron ya ga baƙin fuskoki ya fara kuka. Ina kallonsa ta wutsiyar ido ya kai hannu baki ya zare safar, ya kafa farce a kumatu. Ban motsa ba. Na ce a raina Inna tana nan, yanzu za ta fito.

Ta fito daga ɗakin mai jego, sabuwar jaririyar naɗe da tawul a hannunta, ta gama yi mata wankan suna ke nan. Ta hango shi ta tsaya cak. Na ga fuskarta, kuma har in mutu ba zan ce ba ta ji zafin abin ba, ta ji. Ta ɗaga ƙafa ta nufo shi. Sai ta dubi jaririyar da ke hannunta, ta dubi matan unguwa da suka zuba mata ido, ta tsaya.

"Ke," ta ce da ni, "ɗauki ɗanki mana. Ba ki ganin shina zubda jini?"

Ɗanki. Tunda nake ban taɓa jin uwa a gidanmu ta ce wa 'yarta haka a kan ɗan fari ba, balle a gaban taro. Na tashi na ɗauke shi. Ban shiga ɗaki ba, a nan tsakiyar gida na zauna, na tuɓe masa riga, na goge jinin, na fito da gwangwanin mai na shafe shi gaɓa-gaɓa. Na yi masa waƙar da nake yi masa a ɗakina. Da kukan ya ƙi tsayawa na rungume shi na kira sunansa da ƙarfi, sunan da bai taɓa fita daga bakina ba, na sake kira, na sake.

"Oh, ɗiyan zamani," in ji gwaggona. "Kunya ta ƙare."

Na ce, "Gwaggo, gabanki na aje shi, ba ki ɗauka ba. Wa kika so in bar ma shi?"

Aka mayar da hankali kan rabon abinci.

Bayan azahar na sami Inna ita kaɗai a madafa tana kwashe shinkafa. Na tsaya a bakin ƙofa saboda hayaƙi, yaron a kafaɗata.

Na ce, "Inna, na gaya maki likita ta ce ba a ɗauka."

"Na ji, kuma na yarda," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ke da shi kuka kwana wuri guda, ga ki lahiya lau. Amma matan unguwag ga ba su je wurin likitarki ba. In na ɗauke shi yau, gobe ɗan wata ya hito da ƙurji ko na zahi na, mi za a ce? Cewa za a yi ni nak kai mashi. Mace ta ba ni ɗanta ran da tah haihe shi don ta yarda da hannuna. Hannun ga ba nawa na ni ɗai ba."

Na ce, "To shi hwa, na wa na?"

Ta ci gaba da kwasar shinkafa. Ban kwana ba, duk da na zo da kayan kwana. Na yi sallama da mai jego na kama hanyar tasha. A mota na yi kuka ban ɓoye ba, matar da ke kusa da ni ta zaci rasuwa aka yi mana.

Na yi fushi da Inna, fushi mai tsawo. Ita kuma ta koma aike. Duk direban da ta sani zai shigo Birnin Kebbi sai ta ba shi ƙunshi: man kaɗe mai kyau wanda ba a gauraya ba, bandar kifi, shinkafa 'yar gida, tsofaffin zannuwanta da suka sha wanki har suka yi laushi, wai a yi wa maigida shimfiɗa. Ina karɓa ina tsaki, ina kuma amfani da su, don man nata ya fi na kasuwa. In ta kira waya sai ta ce a kara masa a kunne. Ina jiyo muryarta tana tambayarsa yaushe zai biya ta kuɗin zane, shi kuma yana ƙoƙarin cusa wayar a baki.

Sau ɗaya ta zo da kanta, lokacin ya fara rarrafe. Ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakina tana yi masa surutu. Ya tsaya yana kallonta, sai ya rarrafa ya kama gefen zanenta yana son miƙewa. Ina kallo ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

Na ce, "Inna, nan ba Argungu ba ta. Ba mai ganin ki."

"Ina da wanka da marece," ta ce. "Sun san inda niz zo. In sun tambaye ni, ba ni iya yi masu ƙarya."

Haka take, kuma na san haka take, amma sanin bai rage mini komai ba. Ana cikin haka Maman 'yan biyu ta shigo aron ashana. Ta gaida Inna, ta sunkuya ta sure yaron ta cilla sama ta cafe, ta sumbaci kumatun, yana ta ƙyalƙyala dariya. Inna ta bi su da ido har ta sauke shi. Sannan ta shiga yi mata godiya, ta yi, ta yi, har matar ta rasa inda za ta sa kanta.

"Allah shi saka maki da alheri, ɗiyata," in ji Inna. "Allah shi ba naki masu ɗaukar su."

Na shiga ɗaki na bar su, don ba na son Inna ta ga idona.

Da lokacin yaye ya zo ni ban tambaya ba. Maigidana ne ya ce al'ada al'ada ce, ya je ya gaida Inna ya yi mata maganar kai mata yaron yaye. Ta ce a ɗan jinkirta. Muka gane, muka yaye shi a gida, da rana yana wurin Maman 'yan biyu a gindin keken ɗinki, da yamma yana wurin ubansa.

Ciwon yana tafiya yana dawowa. Wani watan har in fara murna, sai a wayi gari ya tashi kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Sannu a hankali fuskar ta washe, abin ya tattara a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, wuraren suka yi duhu suka yi kauri. Ya fara tafiya, ya fara magana. In ƙaiƙayin ya taso shi da kansa yake ɗauko gwangwanin mai ya kawo mini, ya miƙo hannu ya ce "shafa". Sai dai na lura da wani abu da likita ba ta gaya mini ba. Yara sa'anninsa in baƙo ya shigo sai su ɗaga hannuwa a ɗauke su. Nawa ya ɗaga a da, ba a ɗauka ba, ya daina. Mutum uku kawai ya yarda da su a duniya, ni da ubansa da maƙwabciyarmu. Kowa ya matso ban da mu sai ya ɓuya a bayana, in aka matsa masa ya hau susa.

Yana cikin shekara ta uku, bayan an gama yankan shinkafa, yayana ya kira ni ya ce Inna ta ajiye wanka. Ta ba wata mata a unguwa bahonta, ta ce gwiwoyinta sun gaji. Na ce wace gwiwa, matar da har yanzu take zuwa fadama da ƙafa? Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Da yamma sai ga kiranta.

"Ki kawo man maigidana," ta ce. "Yanzu hannuna nawa na."

Na so in ja mata rai. Na so in ce yanzu da ya warke rabi aka tuna da shi. Amma ina ajiye wayar na tsinci kaina ina ninke kayansa.

Muka isa da hantsi. Gidan shiru, ba taro, ba kowa sai ita. Ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta kashe wutar murhu tun da wuri don kada hayaƙi ya tarbe shi. Tana sanye da wani tsohon zanen auduga, ba ɗigon turare a jikinta, matar da ko maƙwabta ba ta shiga ba ta turara mayafi ba. Na dubi hannunta na ga ta yanke farce har ƙasa. Duk abin da na karanta mata a waya tun yana jariri, ashe ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Ta durƙusa a gabansa ta buɗe hannuwa tana kiransa.

"Zaka, maigida. Zaka ga matarka."

Ya dube ta, ya zagaya bayana ya cusa fuska a zanena. Muka yi dariya ni da ita, muka ce ƙyuya ce ta hanya, bari ya huta. Ya huta, ya ci abinci, ta sake gwadawa. Ta ɓare masa kifi ta cire ƙaya ta miƙa, ya ƙi karɓa sai da ya biyo ta hannuna. Ta yi masa waƙa, ta yi masa kukan akuya, ta ɓoye fuska a mayafi ta buɗe. Yana kallonta daga bayana da ido ɗaya. Raina ya fara ɓaci, wannan karon da shi. Na ɗaga shi cak na ce yau sai ka je, na ɗora shi a cinyarta. Ya sandare, ya ƙwalla ƙara kamar an sa shi a wuta, ya zame ƙasa kafin ta kai ga rufe hannu, ya kafa farce a wuyansa yana ja har wurin ya yi ja.

Na sake kai hannu zan kamo shi, Inna ta riƙe ni.

"Ƙyale shi," ta ce. "Shina da gaskiya. Ni nah hwara gudu nai."

Mun yi kwanaki a gidan. Ya saba da kaji, ya saba da randa, ya saba da ƙofar zaure, bai saba da ita ba. Iyakar abin da ta samu shi ne ta turo masa kwano ya ɗauka, in ta ja da baya.

Ranar da za mu koma, bayan azahar, barci ya kwashe shi a kan tabarma a inuwar rumfa. Barci mai nauyi, har da sakin baki. Na je na same ta a ɗaki na ce, "Inna, ya yi kwana. Zo ki ɗauke shi yanzu, ba shi sani."

Ta taso da sauri har tana tuntuɓe. Ta durƙusa a gefensa, ta kai hannuwa har sun kusa shiga ƙarƙashinsa, sai ta tsaya. Ta daɗe a haka tana kallon fuskarsa, da ɗan duhun da ke lanƙwasar hannunsa. Sannan ta janye.

"A'a," ta ce. "In ya hwalka ya gan shi hannuna, tsoro za shi ji, ya hau susa. Ba ni satar shi cikin kwana. Bari shi zo da ƙahwa tai, ina nan."

Ta jawo mafici ta zauna tana yi masa fifita don kada gumi ya tayar masa da ƙaiƙayi. Haka ta yi har ya farka, yana buɗe ido ta matsa baya.

Ba ta kai damina ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kafin mu iso an riga an yi mata sutura. Matan unguwa suka cika gidan, kowace tana nuna ɗanta tana cewa Inna ce ta wanke shi. Ina zaune da nawa a cinya ina amsa gaisuwa.

Yanzu ya shiga makaranta. Fatar ta yi kyau, sai in zafi ya yi yawa bayan gwiwar ya ɗan tashi mu shafa mai. Ƙyuyar ma ta tafi da kanta, ban san ranar da ta tafi ba. Kowa ya buɗe masa hannu yanzu, da gudu yake zuwa.